Saba wace iri da intanet nawa za su ɗauki ajin bidiyo na ɗalibai 600?

Tambayar da aka turo: "Salam Injiniya. Muna da cibiyar koyarwa ta intanet, ɗalibai 600 suka yi rijista, kowane aji mutum 30 ne. Mun gaji da biyan kuɗin manhajar wasu, muna so mu kafa namu, an ce mana Jitsi ko BigBlueButton. Wace irin saba za mu kama haya, kuma intanet mai ƙarfin nawa za ta ishe mu?"

Wa alaikumus salam Malam. To kafin komai, 600 ɗin nan ka ajiye ta gefe tukun, domin ba ita za mu yi lissafi da ita ba. Saba, wato kwamfutar da manhajar za ta zauna a kanta tana raba hoto da murya, ba ruwanta da yawan sunayen da ke cikin rijista, abinda take ji a jikinta shi ne mutum nawa ne a kanta a lokaci guda, sannan hoto nawa take turawa waje a wannan lokacin. Na biyun nan shi ne gaba ɗaya maganar, kuma shi ne wanda kusan duk wanda ya zo min da irin wannan tambayar bai taɓa lissafa shi ba.

Ka ɗauko jadawalin karatunku ka duba lokacin da azuzuwa suka fi cin karo da juna. Baka faɗa min ba, don haka zan ƙaddara, kai kuma sai ka gyara da naka alƙaluman. Mu ce mafi yawan ɗalibanku ma'aikata ne da 'yan kasuwa, karatun bayan isha'i ne daga 8 zuwa 10, kuma aji 8 ne ke gudana tare. Ɗalibai 240 kenan da malamai 8, mutum 248. Wannan ce lambar farko.

Yanzu yadda abin yake aiki a ciki, don in baka gane wannan ba lissafin zai zame maka kamar duba. Jitsi da BigBlueButton duk a kan WebRTC suke, wato fasahar da burauza ke tura murya da bidiyo kai tsaye da ita, kuma wajen bidiyo duk tsarin da ake ce wa SFU suke bi. Ka ɗauki sabar kamar mai fotokwafi a bakin makaranta: malami ya miƙa masa takarda ɗaya, shi kuma ya buga kwafi 30 ya miƙa wa kowane ɗalibi nasa. Baya karanta takardar, baya gyara ta, bugawa kawai yake yana rabawa. Shi ya sa abinda ke shiga sabar kaɗan ne, amma abinda ke fita daga cikinta ninkin ba ninki ne. Akwai tsohon tsari da ake ce wa MCU inda sabar ke buɗe hoton kowa ta haɗa su su zama hoto ɗaya ta sake matsewa ta tura, wannan yana rage cin layi amma yana cinye CPU sosai, wato ƙwaƙwalwar da ke yin aikin lissafi a cikin sabar, shi ya sa yawancin manhajojin yanzu suka bar shi a ɓangaren bidiyo.

Don haka ƙa'idar ita ce: yawan kamarorin da ke buɗe, sau yawan masu kallonsu, sau nauyin kowane hoto. Shikenan. Nauyin hoton kuma ana auna shi da kbps ko Mbps, kuma dan Allah a kula, wannan ƙaramin b ɗin bit ne ba bayit ba, sai ka raba da 8 kafin ka samu megabayit ɗin da ka saba gani a wayarka. Abinda nake so ka haddace shi ne 1 Mbps in ya yi awa ɗaya yana gudu yana cin 450 MB. Da wannan lambar kaɗai zaka iya fitar da kuɗin wata naka da na ɗalibanka.

Ni wajen lissafi ina sa hoton malami mai kyau daidai gwargwado a 500 kbps, ƙaramin hoton ɗalibi a 200 kbps. Ba daga kaina na ƙirƙiro su ba, matakan da manhajojin ke zuwa da su kenan kusan, Jitsi misali in yana amfani da tsarin matse bidiyo na VP8, mai kamara yana tura hoto kala uku a lokaci guda, ƙarami wajen 200 kbps, matsakaici 500, babba na 720p wajen 1,500, sai sabar ta zaɓa wa kowane mai kallo wanda layinsa zai iya ɗauka. Murya kuma tsarin matsewa na Opus ake amfani da shi, wajen 40 kbps, amma ni 60 nake rubutawa, dalili kuwa murya ana yanka ta gutsi gutsi ne duk milisakan 20, kowane gutsi shi ake ce wa fakiti, fakiti 50 kenan a sakan ɗaya, kuma kowane fakiti yana ɗauke da kan adireshi na IP da UDP da RTP bayit 40, in ka buga 40 sau 50 sau 8 zaka ga 16 kbps ta tafi a adireshi kawai tun kafin a zo maganar ɓoye bayanan.

To mu buga. Hali na farko, malami kaɗai ya buɗe kamara, ɗalibai suna kallo suna saurare. Kowane ɗalibi yana karɓar 0.56 Mbps. Sau 30, wajen 17 Mbps kenan aji ɗaya. Sau 8, wajen 135 Mbps. Wannan abu ne mai sauƙi, kowace saba ta kirki a data senta zata tura shi ba tare da ta ji ba.

Hali na biyu, shugaban makaranta ya ce dole kowa ya buɗe kamara don a tabbatar ba barci yake ba, kuma kowa yana ganin kowa. Mutum 31 a aji, kowanne yana karɓar hoton sauran 30, hotuna 930 kenan ke fita daga saba saboda aji ɗaya tak. Sau 0.2, ya zama 186 Mbps. Sau 8, 1,488 Mbps, kusan 1.5 Gbps, wato ya wuce abinda ƙofar intanet mai 1 Gbps da yawancin sabobin haya ke zuwa da ita zata iya fitarwa. Ka duba da kyau Malam, ɗaliban nan dai su ne, malaman su ne, lokacin shi ne, doka ɗaya kawai aka canza nauyin ya ninka sau 11. Kuma ba a nan abin ya fi ciwo ba, ɗalibin da ke riƙe da waya zai riƙa sauke 6 Mbps, wato 2.7 GB a awa ɗaya, wayar ta ɗau zafi batir ya zube, kafin sati ya ƙare ya daina shiga aji kuma ba zai faɗa maka dalili ba, kunya zata hana shi cewa data ce ta gagare shi. Wannan yana damuna ƙwarai, saboda mu masu kafa abin muna zaune kan waifai na ofis muna gwadawa muna cewa lafiya lau, wanda zai biya kuɗin kuskuren kuma yana can gida yana sayen data da kuɗin cefane.

Na taɓa ganin haka da idona a wata makaranta da suka kira ni bayan abu ya lalace. Sun yi gwaji da malamai biyar komai ya tafi daidai, ranar buɗe karatu aka ce kowa ya buɗe kamara a gaisa, cikin mintuna kaɗan murya ta fara kakkaryewa hoto ya daskare, suka ɗauka sabar ce ƙarama har sun fara maganar ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da saba ke aiki da ita. Da na duba RAM ko rabi bata kai ba, ƙofar fita ce ta cika maƙil. Bamu sayi komai ba, saitin kamara kawai muka gyara.

Kuma akwai tsaka tsaki, ba lallai sai ɗaya daga cikin biyun can ba. BigBlueButton na da saitin da ke sa ɗalibai su buɗe kamara amma malami kaɗai ke ganinsu, su kuma malami kawai suke gani. A nan hotuna 30 na shiga saba, 30 na fita zuwa mutum ɗaya, ƙarin 6 Mbps kenan a kan 17 ɗin farko, aji ɗaya 23, azuzuwa 8 kuma 184 Mbps. Shugaban makaranta ya samu abinda yake so, ɗalibi kuma ƙarin 0.2 Mbps na turawa kawai ya hau kansa, sai dai malami dole ya zauna inda layi ke da kyau tunda shi zai sauke 6 Mbps ɗin. A Jitsi kuma akwai saitin lastN, kace misali hotunan mutum 5 da suka yi magana a ƙarshe kawai za a riƙa turawa kowa, in ka lissafa da hoton malami da murya zaka samu wajen 1.6 Mbps ga kowane mutum, kusan 50 Mbps a aji, 400 gaba ɗaya. In ka tambaye ni, don karatu saitin BigBlueButton ɗin nan na malami kaɗai ke ganin kowa ya fi dacewa da ku.

Wani abu ƙarami mai amfani: a BigBlueButton in malami ya ɗora PDF ɗinsa a matsayin allon gabatarwa, ɗalibi sau ɗaya yake sauke kowane shafi a matsayin hoto, ya wuce wajen. In kuma ya buɗe PDF ɗin a kwamfutarsa ya ce zai raba sikirin, to ya mayar da takarda bidiyo, kowane ɗalibi zai riƙa biya duk tsawon darasin. Ku koya wa malamanku wannan tun ranar farko.

Duk lambar da ka samu kar ka sayi daidai ita. Bidiyo baya tafiya a miƙe, yana tsalle, duk sanda sabon mutum ya shigo ko wani layinsa ya yanke ya dawo sai an nemi cikakken hoto daga mai kamara wanda ya fi sauran nauyi sosai, ga fakitocin da suka ɓace a hanya ana sake turo su, kuma a layukan waya irin namu wannan ba kaɗan bane. Ni kashi 40 cikin 100 nake ƙarawa. 184 ɗin nan ta zama wajen 260 Mbps. Don haka ka nemi ƙofa ta 1 Gbps, ka kuma tambaye su a rubuce nawa ne tabbataccen abinda za su baka a ɓangaren fita, don wasu za su rubuta 1 Gbps amma ku da yawa ne a kanta.

Sai ita sabar kanta. Takardun BigBlueButton sun faɗi mafi ƙarancin abinda suke so don aiki na gaske: CPU mai koa 8 masu sauri (koa su ne sassan CPU da kowanne ke aikinsa daban), RAM 16 GB, faifai 500 GB in za a riƙa naɗar darasi ko 50 GB in ba za a naɗa ba, da layi 250 Mbps shiga da fita daidai wa daida, a kan tsarin Linux na Ubuntu. Sun ce irin wannan zata ɗauki wajen mutum 200 a lokaci guda, kuma sun ba da shawarar kar zama ɗaya ya wuce mutum 100. Ku kuna da 248, kaga kun ɗan haura. Kar ka ce bari in matsa su a ɗaya. Ka ɗauki biyu ka sa Scalelite a gabansu, shi ne mai raba azuzuwa tsakanin sabobi, amma ka sani aji yake rabawa ba mutane ba, aji ɗaya gaba ɗayansa a saba ɗaya yake zama. In da hali ma uku, ta yadda in ɗaya ta faɗi da ƙarfe 8 da rabi sauran biyun za su ɗauke nauyin, in babu hali biyu masu koa 12 ko 16 sun fi biyu masu 8 kwanciyar hankali.

Me ke cin CPU tunda na ce sabar bata buɗe hoto? Abu biyu. Kowane fakiti da zai fita sai an kulle shi da mabuɗin wanda za a tura wa, don haka yawan fakiti ne ke gajiyar da ita ba girmansu ba. A halin farko can bidiyon 120 Mbps ne, in fakiti ɗaya bayit 1,200 ne kusan fakiti 12,500 kenan a sakan, murya kuma da muka raina 50 sau 248, fakiti 12,400. Kaga muryar da bata kai komai ba a layi ta yi kafaɗa da bidiyo a wajen aiki. Na biyu, a BigBlueButton da aka saba kafawa FreeSWITCH ne ke haɗa muryoyi, shi kam buɗewa yake yana gaurayawa yana sake matsewa, don haka duk wanda ya shiga da makirfo ya fi wanda ya shiga a matsayin mai saurare kawai nauyi a kan CPU. Ku saba wa ɗalibai su shiga da saurare, mai tambaya ya kunna makirfo in zai yi magana.

Kuma dan Allah ka guji VPS ɗin nan masu arha, wato yankin saba da ake baka haya a inji ɗaya ana raba CPU da wasu. Shafin yanar gizo in ya yi jinkirin rabin sakan ba wanda zai lura, murya kuwa in maƙwabcinka a injin ya ƙwace CPU na ɗan lokaci kaɗan kowa a ajin sai ya ji ta karye. Ka buɗe top, manhajar da ke nuna aikin CPU, ka duba lambar st mai nuna lokacin da aka ƙwace maka, in tana tashi a lokacin aji to ba kai kaɗai ke cin tuwon ba. Ka nemi saba sukutum taka ko wadda aka keɓe maka koa.

Naɗar darasi ma a lissafa ta daban. BigBlueButton sai an tashi daga aji yake sarrafa rikodin, wannan aikin na cin CPU, in wani aji na gudana a lokacin za su yi rububi, amma ana iya saita shi ya bari sai tsakar dare. Jitsi kuma Jibri yake amfani da shi, wanda a zahiri burauzar Chrome ce yake buɗewa ya shiga taron kamar mutum yana naɗa, kuma Jibri ɗaya taro ɗaya yake iya naɗa a lokaci guda. Aji 8 kenan Jibri 8, kowanne da nasa CPU da RAM. Mutane da yawa sai sun gama kafa Jitsi suna murna sannan suke cin karo da wannan, yana daga cikin dalilan da suka sa nake cewa makaranta ta fara duba BigBlueButton, wanda dama don koyarwa aka gina shi tun farkonsa a jami'ar Carleton ta Kanada a 2007. Jitsi ya fi sauƙin kafawa kuma ya fi daɗi wajen mitin na ma'aikata.

Kuɗin wata. Halin farko 135 Mbps sau 0.45 wajen 61 GB kenan a awa, awa 2 a rana kwana 22, ya kama kusan 2.7 TB. Manyan kamfanonin kilaud irin su AWS suna cajin abinda ya fita, wajen senti 9 na dala kan kowane GB daga cibiyoyinsu na Turai da Amurka, kusan dala 240 kenan a kan layi kawai banda hayar injin. In kuka bi halin kowa na ganin kowa, 29 TB ne, wajen dala 2,500. Kamfanoni irin su Hetzner da OVH kuma suna haɗa layi mai yawa a cikin kuɗin hayar saba, shi ya sa masu irin wannan aikin suka fi zuwa can. Wannan layin na cikin takardar farashi shi zaka fara karantawa kafin yawan RAM. Ɗalibi kuma a halin farko 250 MB yake ci a awa, wajen 11 GB in ya halarci awa 44 ɗin duka, in murya da allo kawai ya bi kuma wajen 27 MB ne a awa, don haka ku bar masa damar kashe bidiyo ba tare da an ɗauke shi mai laifi ba.

A ina za a ajiye ta? Banda ofishinku, wannan kam ina roƙonka. Layin ofis yawanci saukewa yake da ƙarfi turawa kuma kaɗan, alhali saba turawa ce aikinta, ga wuta, ranar da aka ɗauke janareta ya ƙi tashi makaranta gaba ɗaya ta tashi. Zaɓin gaske tsakanin data senta a Legas ne ko Turai. Haske a cikin wayar fayiba yana cin wajen milisakan 5 a duk kilomita 1,000, igiyar ƙarƙashin teku ta MainOne daga Legas zuwa Fotugal kaɗai kilomita 7,000 ce, don haka zuwa da dawowa Turai zai ci maka milisakan 100 ko fiye kafin a ƙara na layin waya. Ma'aunin ITU, hukumar sadarwa ta duniya, mai lamba G.114 ya ce jinkirin murya daga baki zuwa kunne in bai wuce milisakan 150 ba hira na tafiya lafiya, in ya haura 400 ta lalace. Da saba a Jamus ko Faransa, muryar malami a Kano zata je can ta dawo ga ɗalibi a Zariya, zaku kasance a tsakiyar ma'aunin nan, darasi zai yiwu amma a muhawara za a riƙa ɗan cin karo. Legas ta fi kusa, musamman in cibiyar na haɗe da IXPN inda kamfanonin layi na cikin gida ke musayar zirga zirga, kuma ka tuna ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin WACS da MainOne da ACE da SAT-3 suka samu matsala a teku ta wajen Kodebuwa, duk abinda ke waje ya yi wahalar samu na kwanaki. Sai dai layi a Legas ya fi tsada sosai. Kar ka yanke hukunci da zato, ka karɓi adireshin gwaji daga kowanne ka sa ɗalibai goma masu MTN da Airtel da Glo su yi ping, wato gwajin tura saƙo zuwa adireshin ya dawo, da ƙarfe 9 na dare, ba da safe ba, ka duba jinkiri da kuma fakitin da ke ɓacewa, wannan na biyun ya fi muhimmanci, in ya wuce kashi 2 cikin 100 za a fara ji a murya.

Kar ka manta da TURN, wato hanyar zagaye ga waɗanda layinsu ya hana su isa sabar kai tsaye. Wasu ɗaliban suna bayan fayawol na ofis ko wani layi da ya toshe UDP, hanyar da murya da bidiyo ke bi, kuma BigBlueButton na buƙatar ƙofofin UDP daga 16384 zuwa 32768, Jitsi kuma 10000. Irin waɗannan sai an bi da su ta wata ƙaramar saba mai manhajar coturn a ƙofa 443. Bata buƙatar CPU mai yawa, amma duk abinda ya shige ta sai ya fita, don haka ka ware mata layi, ni nakan fara da ƙaddara mutum ɗaya cikin biyar zai bi ta nan har sai na ga alƙaluman gaske.

In kuma wata rana za ku yi babban taro na duka 600 ɗin, kar ku cusa su a aji ɗaya. Masu magana su shiga ɗaki, a watsa wa sauran ta YouTube ko Facebook kai tsaye, tambayoyi su zo a rubuce, jinkirin 'yan sakanni ba zai cutar da mai saurare ba kuma nauyin ya bar kanku.

Abinda zan ce ka yi a satin nan: ka kama hayar saba ɗaya ta wata guda, ka sa aji biyu na gaske a kanta da ɗalibansu da wayoyinsu a lokacin da suka saba shiga, ka bar vnstat ko iftop, masu nuna abinda ke bi ta layi, a buɗe tare da top, ka rubuta mafi girman abinda ya fita da inda CPU ta kai. Ka raba da biyu ka samu nauyin aji ɗaya na makarantarku, ka ninka da yawan azuzuwan da ke cin karo, ka ƙara kashi 40. In CPU ta wuce kashi 70 a lissafin to lokacin ƙara saba ya yi. Ka turo min jadawalin da waɗannan lambobin biyu, da kuma ko shugabanku ya yarda malami kaɗai ya riƙa ganin ɗalibai, sai mu fitar da adadin sabobin tare in sha Allah.